Ƙarfina ya ƙare, gas ya ƙare, maigida kuma tuwo yake so

Assalamu alaikum, Anti. Ni malamar firamare ce a Kano, shekaruna 31, 'ya'yana uku, ƙaramin cikinsu watansa huɗu. Tun da hutun haihuwata ya ƙare na koma aiki, ba na shigowa gida sai bayan ƙarfe biyu, kuma a gajiye nake dawowa, har jiri kan ɗebe ni idan na daɗe tsaye a gaban wuta. Gas ya yi tsada, ɗan abin da muke sawa ba ya kai mu ƙarshen wata, firjinmu kuwa ya koma ma'ajiyar kwanuka saboda rashin wuta. Maigidana ɗan kasuwa ne, mutumin kirki, amma ya saba da tuwo kowane dare, haka ma mahaifiyarsa da ke zaune tare da mu. Makon jiya na kasa tuƙa tuwo, sai na yi kwaɗon zogale na dama fura. Ya dubi kwanon ya ce wannan ai abin taɓawa ne, ina abincin dare? Hajiya ba ta ce komai ba, amma kaɗan ta ci. Na shiga ɗaki na yi kuka. Don Allah ki gaya mini abincin da zai ƙosar da gida ba tare da ya cinye ƙarfina da gas ɗinmu ba, da yadda zan yi kada a ɗauke ni raguwa.

Daga wata malama, Kano

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah ya raya abin da kika samu, ya ƙara miki lafiya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma kalmar da ta fi tsaya mini a rai ita ce jiri. Za mu zo kan maganar kwano, amma macen da ta haihu wata huɗu da suka wuce, tana shayarwa, tana tsayuwa gaban allo tun safe, sannan jiri yana ɗibarta a gaban murhu, lafiyarta ce ta fara neman a duba. Ki je asibiti a cikin makon nan ki nemi a auna yawan jininki da hawansa. Ƙarancin jini bayan haihuwa ya zama ruwan dare, kuma gajiya da jiri da bugun zuciya su ne alamunsa na farko. Ƙwayoyin ƙarin jini ba su da tsada, amma likita ne zai ce ko su kike buƙata. Idan kuma kina jin numfashinki yana sama-sama lokacin da kika kwanta, ko ƙafafunki suna kumbura, kada ki jira gobe. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu kan ciwon zuciyar da ke kama mata a watannin bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da ruwan zafi. Ba tsorata ki nake yi ba, so nake ki daina kiran kanki raguwa kafin ki san abin da jikinki yake ciki.

Yanzu mu koma kan abin da maigida ya faɗa. Maganarsa ta yi zafi, kuma kukanki yana da dalili, domin kin tattara ɗan ƙarfin da ya rage miki kin haɗa abinci, sai aka mayar da shi abin taɓawa. Duk da haka ina ganin ba raina ki ya yi niyya ba. Mutumin da ya wuni a kasuwa, ƙila ba abin da ya shiga cikinsa sai shayin safe da ɗan abin da ya saya a hanya, ya taso tun yana yaro da sanin cewa dare na tuwo ne, idan bai ga malmala da miya ba sai ya ji kamar ranar ba ta cika ba. Kuskurensa shi ne bai tambayi dalili ba. Naki kuskuren, idan har za a kira shi haka, shi ne kin bar kwanon ya yi magana a madadinki, ya tarar da canji ba tare da an sanar da shi ba. Shirun Hajiya kuwa kada ki yi masa mummunar fassara. Kwaɗo yana son tauna, ganye da ƙuli suna wahalar da wanda haƙoransa suka yi rauni, kuma tsofaffi da yawa ba sa jin daɗin abu mai sanyi da dare. Mai yiwuwa ne ita ba ta ga laifinki ba sam, bakinta ne bai iya ba.

Abin da nake so ki riƙe shi ne, abinci yana zama na ƙoshi ne da abin da ke cikinsa: wani abu mai riƙe ciki kamar hatsi ko rogo ko dankali, wani mai gina jiki kamar wake ko gyaɗa ko nono ko ƙwai ko kifi, ɗan mai, da ganye ko kayan lambu. Duk kwanon da ya haɗa waɗannan ya cika abinci, ko an yi awa biyu a kansa ko minti goma. Tuwo da miya sun haɗa su, shi ya sa suka zama ginshiƙi a gidajenmu, amma tuwo yana cikin abincin da suka fi cin ƙarfin mace da wuta: a jira ruwa ya tafasa, a yi talge, a bar shi ya nuna, a tuƙa da muciya, a rufe ya sulala, a kwashe, ga miya a ɗaya murhun, ga wankin tukunya mai ƙanzo bayan an gama. Wanda bai taɓa riƙe muciya ba ba zai san cewa aikin damtse da baya ba ne. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin gas da gawayi da sufuri suka hau tare, gidaje da yawa sun shiga irin lissafin da kike yi, ko da ba su faɗa ba.

Bari mu fara da abin da ba ya buƙatar wuta ko kaɗan, kuma a nan Kano ta yi miki gata. Gurasa tana nan a kusan kowace unguwa, kuma bandashe abinci ne cikakke: ki yayyafa wa gurasar ruwan ɗumi ta yi laushi, ki barbaɗa garin ƙuli mai yaji, ki zuba man gyaɗa, ki yanka albasa da tumatir da kabeji da kokwamba. Idan aljihu ya yarda a ɗora dafaffen ƙwai, ko maigida ya biyo da tsire ko balangu na ɗan kuɗi kaɗan a yayyanka a kai, ban ga namijin da zai kira wannan abin taɓawa ba, domin maza da kansu suke layin sayensa a bakin kasuwa. Haka kwaɗon garin kwaki: a jiƙa garin da ruwa kaɗan ya tashi, a haɗa da ƙuli da mai da albasa da tumatir. Gari shi kaɗai sitaci ne kawai, yana cika ciki ba ya gina jiki, saboda haka kada a yi rowar ƙuli, kuma idan akwai kifin gwangwani ko soyayyar awara a farfasa a ciki. Awara tana da arha idan aka kwatanta da nama, da waken suya ake yin ta, kuma da wuya ki rasa mai soya ta a layinku da yamma. Ina zaton abin da ya rage wa kwaɗonki na makon jiya daraja a idon maigida shi ne ganye ya rinjayi komai. Da kin sa gari ko ragowar shinkafa a ciki, kika ɗora wani abu da ido zai gani a sama, da hukuncinsa ya bambanta.

Fura da nono kuwa ba ta buƙatar wanda zai kare ta. Manoma da makiyaya sun wuni a kanta shekara da shekaru, gero da nono sun haɗa riƙon ciki da gina jiki, kuma ga mai shayarwa irinki tana da kyau ƙwarai. Na fi son ki mayar da ita abincin rana, naki da na yara, da zarar kin shigo gida. Ki dama mai kauri, ki haɗa da dabino ko ayaba, ki sha ki kwanta ko na minti arba'in ne kafin la'asar. Abin lura ɗaya shi ne ki sayi nono wurin wadda kika san tana dafa madararta kafin ta yi tsami, domin ɗanyar madara tana iya ɗauke da cuta daga dabba, kuma ki dama da ruwan da kika yarda da shi.

Da yake abincin da ba a dafa ba ba shi da wutar da za ta kashe ƙwayoyin cuta, tsabta ce ke tsaya masa. Kabeji da latas da tumatir a wanke su sosai da ruwa mai kyau, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. Gari da ƙuli a ajiye su cikin roba mai murfi, saboda zazzaɓin Lassa ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, kuma gari da ake sha ba tare da dafawa ba yana cikin abin da ya kamata a fi kiyayewa. Zogale da rama dai sai an tafasa, amma kina iya sayen dafaffe wurin mai tsabta ki sake watsa masa ruwan zafi ki matse.

Sai kuma abin da ke son wuta ta ɗan lokaci. Ɗanwake shi ne sarkin wannan rukuni, in dai garin yana haɗe a ajiye: wake da alabo da kuka a niƙa da yawa sau ɗaya, duk ranar da ake so a kwaɓa da ɗan ruwan kanwa, a jefa cikin tafasasshen ruwa, cikin kamar minti goma sha biyar ya taso ya nuna, a tsame a sa mai da yaji da albasa da ƙwai. Yana da laushin da Hajiya za ta iya ci, yana da nauyin da maigida zai ji a cikinsa har safe. Ke dai ki sassauta kanwa har sai kin ga likita. Kuskus na leda ba ya ma buƙatar a ɗora shi a wuta. Tafasasshen ruwa ake zuba masa daidai da yawansa, a rufe minti biyar, a warware da cokali, a ci da ɗan soyayyen tumatir da kifi ko a yi masa haɗin dambu da zogale da gyaɗa. Taliya da manja da yaji, dankalin Hausa da aka yanka ƙanana domin ya yi saurin nuna a ci da ƙuli, faten tsaki mai ganye da daddawa da busasshen kifi a tukunya guda, duk suna cikin abin da za ki gama kafin jariri ya farka. Fate musamman ina ba ki shawararsa saboda Hajiya, ga ɗumi ga laushi, ga shi tukunya ɗaya za a wanke. Taliyar yara ta leda ba zan hana ba a ranar da abin ya ci tura, amma gishirinta yana da yawa kuma ba ta riƙe ciki, don haka a rage garin ɗanɗanon, a fasa ƙwai, a yanka kabeji da karas.

Akwai wata dabara da nake so ki gwada ranar Asabar, lokacin da ba ki cikin sauri, domin ita ce za ta fi rage miki shan gas. Abinci ba ya buƙatar harshen wuta a ƙarƙashinsa har ya nuna, zafi yake buƙata, kuma zafin ana iya tsare shi. Ki ɗora shinkafa da ruwanta daidai, ta tafasa sosai kamar minti biyar a rufe, sai ki kashe wuta, ki sauke tukunyar ba tare da kin buɗe ba, ki naɗe ta da tsohon bargo ko zannuwa masu kauri, ƙasa da sama da gefe, ki cusa cikin kwando ko kwali. Bayan kamar awa ɗaya za ki tarar ta nuna, ba ta kama ba, ba ta ƙone ba, kuma ba ki tsaya a kanta ba. Wake ma haka, in kin jiƙa shi tun dare: ki tafasa shi minti goma sha biyar zuwa ashirin, ki naɗe, ki ba shi awa biyu ko uku. Da wannan garau-garau, wanda wakensa ne ke shanye gas, zai dawo cikin abincin da za ki iya yi a zaune. Sharaɗin shi ne a ci abincin da zafinsa. Idan kin buɗe kin tarar ya huce sosai, ki mayar da shi wuta ya sake yin zafi har ciki, kuma kada a bar dafaffiyar shinkafa ta wuni a zafin Kano ba firji, domin tana saurin lalacewa ko da ba ta canja wari ba. Idan gas ya yanke kika koma kurfoti, ki ajiye shi a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa, kada ki shigar da gawayi ɗaki ki rufe ƙofa ko da sanyin hunturu ne, hayaƙinsa marar wari yana kisa.

Tuwon fa? Ban ce a kore shi daga gidan ba, kuma ba na jin hakan zai yi adalci ga mutum biyu da suka rayu a kansa. Shawarata ita ce ya koma sau biyu ko uku a mako, a ranakun da kike da sauƙi, kamar Juma'a da ake tashi da wuri da kuma Lahadi. Ranar da kika tuƙa ki yi da ɗan yawa, a naɗe malmalar a sa a kula, washegari a yi ɗumame mai zafi sosai, wanda mutane da yawa suka fi so a kan sabon tuwo. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa ba sa cin lokaci idan daddawa da barkono da busasshen kifi suna dake a ajiye. Tuƙin kansa, wanda shi ne mai wahalar, ana iya neman hannu a kansa: ƙanwarki ko ƙanwarsa, ko wata maƙwabciya da za a riƙa ba wani abu. Akwai kuma mata a unguwanni da ke tuwon sayarwa mai tsabta. A sayi malmala uku domin maigida da Hajiya, ke ki kaɗa miyarki ta gida, sau da yawa ya fi arha a kan gas ɗin da za a ƙona. Wasu maza suna jin nauyin a ce an sayo tuwo a gidansu, don haka wannan sai da yardarsa.

Duk waɗannan ba za su zauna ba sai kin yi magana da shi, kuma lokacin maganar yana da muhimmanci kamar ita kanta maganar. Kada ki tayar da ita a gaban kwano, ko a gaban Hajiya, ko lokacin da ya shigo da yunwa. Ki bari ranar da ya ci tuwonsa ya natsu, yara sun yi barci, ki fara da jikinki: ki gaya masa jiri yana ɗibarki, kina tsoron faɗuwa kan tukunya da goyo a bayanki, kina so ya raka ki asibiti. Rakiyar nan tana da amfani, domin abin da namiji ya ji daga bakin likita yakan shige shi fiye da abin da ya ji daga bakin matarsa. Daga nan ki kawo lissafin gas, tunda ɗan kasuwa ne kuma lissafi yarensa ne: kilo nawa ake sawa, kwana nawa yake yi, kwana nawa zai yi idan aka rage tuwo. Sannan ki ba shi zaɓi a hannunsa, ki lissafa masa ɗanwake da bandashe da garau-garau da fate da kuskus, ki ce ya zaɓi waɗanda yake so a ranakun da ba tuwo. Wanda ya zaɓi abinci da bakinsa ba ya kushe shi. Ki kuma roƙe shi aiki ɗaya takamaimai, kamar biyowa da gurasa da kayan lambu sau biyu a mako, tunda ta kasuwa yake fitowa. Ki gaya masa a hankali cewa maganarsa ta ranar nan ta sa ki kuka. Mai yiwuwa bai ma sani ba.

Idan hira ta yi daɗi, akwai abin da ku biyu za ku iya tunawa tare. Ya tabbata cewa Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin yadda akan yi wata biyu ba a hura wuta ba a gidajen Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, suna rayuwa a kan dabino da ruwa da madarar da maƙwabta Ansar ke aikowa. Ya kuma tabbata cewa bai taɓa kushe abinci ba, in yana so ya ci, in ba ya so ya bari, kuma yakan taya iyalinsa aikin gida. Ki kawo wannan a matsayin abin da zai sanyaya zukatanku, kada ya fito kamar kina kafa masa hujja, domin da zarar ya ji ana yi masa wa'azi zai rufe kunnensa.

Hajiya kuwa ki same ta ita kaɗai da rana, ki zauna kusa da ita, ki gaya mata halin da kike ciki kamar yadda za ki gaya wa mahaifiyarki, ki tambaye ta me suke yi a zamaninsu idan mai jego ba ta da ƙarfi. Ta haihu, ta shayar, ta san wannan gajiyar, kuma tsohuwar da aka nemi shawararta takan koma mai kare wadda ta nema. Ki tambaye ta abin da bakinta ya fi iya ci da dare. Ƙila kunun gyaɗa mai kauri ko fate ya fi mata tuwon ma. Idan tana da hawan jini ko ciwon sukari, ki faɗa wa likita lokacin da kuka je, domin a daidaita gishiri da sukari da gari a nata kwanon. Ba mamaki kuma ta karɓi gyaran zogale ko tsince wake tana zaune a tabarmarta, ko riƙon jariri na rabin awa, abin da zai sa ta ji tana da hannu a gidan.

Zai iya yiwuwa ki yi duk wannan maigida ya dage sai tuwo kullum. In haka ta faru, kada ki mayar da abin rigima, kuma kada ki koma ki ci gaba da tuƙi kina jiri. Ki ce masa kin yarda, amma sai an samo wanda zai tuƙa ko an ƙara kuɗin gas da na mai taimako, ya zaɓi wanda ya fi masa sauƙi. Idan nan ma ta ƙi, sai a sa baki na wani babba da yake jin nauyinsa, kuma ina kyautata zaton Hajiya ce za ta zama wannan babban.

Ke ma ki riƙa ci kafin ki ciyar. Ki sa gyaɗa da dabino a jakar makaranta, ki sha ruwa sosai, ki raba shayi da lokacin cin abinci domin yana rage shigar sinadarin ƙarfe da jini ke buƙata, ki haɗa wake da ganye da lemo ko gwaiba ko tumatir, waɗanda ke taimaka masa shiga. Ki ajiye kujera 'yar tsugunno a kicin ki yi yanka da kwaɓi a zaune. Daren yau ki jiƙa wake, gobe ki nemi izinin awa biyu a makaranta ki je a auna jinin, sannan ki sake rubuto mini abin da likita ya ce da abin da maigida ya zaɓa.